Neman Injin Shara Saboda Ƙirjin Ummi

Asabar: daga Samaru

Ƙarfe shida saura kwata na fita daga gidanmu na bayan kasuwar Samaru. Gari bai gama wayewa ba, ana ɗan yayyafi. Ummi tana goye a bayana, na lulluɓe ta da hijabi. A jakata akwai abin shaƙarta, da ruwan ɗumi a filas, da wani yankin kafet mai faɗin faranti da na yanko daga ƙarƙashin gado. 'Yan uwana matan Islamiyya, kun ce in na dawo in ba ku labarin injin sharar nan filla-filla, don wasunku ma suna son saye. To ga shi, ku yi haƙuri da rubutuna, a aji shida na tsaya.

Ga waɗanda ba su sani ba, Ummi 'yata ce, shekararta biyu da wata huɗu, kuma asma gare ta. A daminar nan kaɗai sau uku aka kwantar da mu a asibiti a Shika. A na ukun likita ta tambaye ni ko akwai kafet a ɗakinmu. Na ce akwai, bango zuwa bango. Ta ce in cire shi. Da ta ga ban so ba sai ta ce in har ba zan iya ba, to a riƙa zuƙe ƙurarsa da inji mai kyau. Ni kuwa na bar maganar farko, na riƙe ta biyu. Kafet ɗin nan Innata ce ta sayar da awakinta ta saya mini a kayan ɗaki, ita ta tsaya aka shimfiɗa shi, kuma wata biyar bayan bikina ta rasu. Sunan Innar ne Ummi ta ci. Baban Ummi tela ne, bai ja maganar ba, ya ba ni abin da yake tarawa don sabon keken ɗinki, ya ce in je in duba.

Sammakon da na yi saboda hayaƙin motoci ne, in rana ta ɗaga ƙirjinta ba ya ɗauka. Na sami bas a bakin titi, naira ɗari huɗu zuwa Kwangila. Wani mutum a kujerar gaba ya sha turare kamar ya yi wanka da shi. Na ce wa kwandasta, "Don Allah Malam, a ɗan buɗe mana taga."

"Hajiya, ruwa ake yi fa."

"Yarinyar ba ta da lafiya."

Ya leƙa fuskarta, ya ture gilashin, ruwan ya riƙa jiƙa masa kafaɗa har muka wuce Palladan. Kafin gadar Kwangila 'yan sanda sun tsayar da mu, suka leƙa, suka ɗaga mana hannu. Shida da minti ashirin da biyar muna Kwangila. Na sayi ƙosai na ɗari biyu, na hau keke zuwa Muchia, gidan Yaya Habiba, wadda nake bi.

Muchia, da safe

Yaya ta dama mana koko. Ta ce in bar mata Ummi in shiga kasuwa ni kaɗai. Na ƙi. Ba wanda ya iya ba ta abin shaƙar nan sai ni, sai an haɗa shi da wata roba an rufe mata hanci da baki, ana ƙirga numfashi.

"Ke dai Rabi da tsoro," in ji Yaya. "Mu da muka yi rarrafe a daɓen ƙasa me ya same mu?"

Da na ji maganarta na bar yarinyar, da abin da ya faru a shago bai faru ba.

Kasuwar Sabon Gari

Ƙarfe tara da rabi na isa layin masu kayan wuta. Tafiyar minti goma ce a keke. Ruwan kwata ya malalo kan hanya, ana tsallake shi a kan bulo. Shago biyu na farko ba su da injin ma, sai fanka da dutsen guga. A na uku na tarar da wani Inyamuri mai ƙiba, Hausa a bakinsa kamar a Muchia aka haife shi. Yana da injin guda huɗu.

Ya fara ɗauko wani siriri mai kama da sandar makiyayi, sabo a kwali, mai batir, dubu sittin da biyar. Ya watsa garin kwaki a kan tayil, ya bi ta kai, ya shanye tas.

"Kin gani, Hajiya? Ba waya, ba wahala."

Na ciro yankin kafet ɗina na shimfiɗa a ƙasa. "Oga, a kan wannan za ka gwada. Ni ba tayil ne a ɗakina ba."

Ya yi dariya ya ce wa maƙwabcinsa, "Wannan kwastan ce, da kayan bincikenta ta zo." Ya murza garin a kafet da ƙafarsa, ya ɗora injin. Sau shida ya bi. Da na ɗaga na kaɗa, gari ya zubo kamar ba a taɓa shi ba. Na tambayi minti nawa batir yake yi. Ya ce arba'in. Na ce a mafi ƙarfinsa fa? Ya sosa ƙeya ya ce goma sha biyar. A unguwarmu kuwa sai mu kwana biyu ba a kawo wuta ba.

Na biyu shuɗi ne, mai kama da bokitin fenti a kan taya, wai har ruwa yana sha. Dubu casa'in. Wannan kam ya ja garin sosai, amma ƙararsa kamar injin markaɗe. Ummi ta ƙanƙame wuyana tana ihu. Da ya kunna shi fitilar shagon ta dushe, janaretansa ya canza murya. Na ce a raina, in babban janareta ya yi nishi haka, ɗan ƙaramin namu ai mutuwa zai yi.

Na uku baƙi ne, tokumbo, wato na hannu daga ƙasar waje. Shi ko kunna shi bai yi ba. Ya ce wutar ƙasar da aka kawo shi ba irin tamu ba ce, sai an haɗa da tiransifoma, kuma wani ya taɓa sayen irinsa ya soka a bango kai tsaye, hayaƙi ya tashi. Na gode masa da ya faɗi gaskiya.

Sai na huɗu, ja, shi ma tokumbo, mai jaka a ciki da dogon tiyo. Dubu arba'in da takwas, daidai ƙarfina. Na sauke Ummi don bayana ya gaji. Ya kunna. Wallahi ƙarfi gare shi, har ɗaga kafet ɗin yake yi daga ƙasa, ba kuma ƙara sosai. Na kaɗa, ko ƙwaya ba ta faɗo ba. Na fara cewa alhamdulillahi. Ina can ina duban gaban injin, ban dubi bayansa ba. Ashe iskar da ya ja ta baya take fita, da ɗumi, Ummi kuwa ta tsuguna a wajen ta kara fuskarta tana dariya. Sai a lokacin na ji warin: warin tsohon gida, da wani abu kamar gashin kare.

Tari uku ta yi, a na huɗu sai sautin nan ya fara, kamar ana busa ƙaramin usur a cikin ƙirjinta. Ramin wuyanta yana shiga yana fita. Na zauna a ƙasan shagon, na ciro abin shaƙarta, garin sauri robar ta faɗi sau biyu. Oga ya kashe injin, ya kashe janareta, ya kori masu leƙe. Na fesa, na ƙirga, na sake fesawa. Minti ashirin muka yi a haka kafin ta iya cewa "Mama, ruwa."

Da ya buɗe cikin injin, jakar takarda ce, ta yage ta gefe an liƙe da salatif, cike da dattin wani gida na wata ƙasa. Shi kansa ya tsaya yana kallo. Ya ce, "Madam, yi haƙuri. Haka ya zo, ban taɓa buɗewa ba." Ya tare mana keke da kansa.

Muchia kuma

Ƙarfe sha biyu muka koma gidan Yaya. Na kira Baban Ummi, ya ce kada in sake hawa mota da ita yau, mu kwana. Ummi ta yi barci a kan tabarma a baranda, ni kuma na kasa cin tuwon da aka zuba mini.

Bayan la'asar Yaya ta kira maƙwabciyarta, Maman Bulus, wata dattijuwa 'yar kudancin Kaduna da ta daɗe tana aikin shara a wani masaukin baƙi. Ta ce injin nan kala-kala ya bi ta hannunta. Na ba ta labari, ta girgiza kai.

"'Yata, ba a sayen injin nan da ƙarfin ja. Farin hankici ake ɗaurawa a inda iska take fita, a kunna minti biyu. In ya canza launi, a bar musu abinsu."

Ta ce mai jaka ya fi kowanne tsabta in ana samun sabuwar jaka, amma a Zariya ba ta san mai sayarwa ba, shi ya sa mutane suke zazzagewa su mayar har ta yage. Mai batir na masu tayil ne da masu mota, kuma batirin ba ya daɗewa yake sanyi. Shuɗin bokitin shi ne jaki, ba ya lalacewa, shi suke amfani da shi a wurin aiki, amma ƙura mai laushi tana bi ta cikinsa ta fito. Akwai mai matata ta musamman da ake yi don masu ciwon ƙirji, ta taɓa gani a hannun wani baƙo, sai dai a Kaduna ko Abuja, kuma kuɗinsa ya ninka abin da ke hannuna ya fi.

Sai ta ce, "Mu ga kafet ɗin."

Na miƙa mata. Ba ta dubi samansa ba, juya shi ta yi, ta kai hanci. Ta sake shinshinawa.

"Ruwa yana shiga ɗakinku?"

"A'a, Mama. Rufinmu ba ya yoyo."

"To yaya kike share shi?"

Na ce kamar yadda kowa yake shara. Kullum da safe nakan yayyafa ruwa sosai don kada ƙura ta tashi ta shiga ƙirjin yarinya, sannan in bi da tsintsiya. Tun da ta fara ciwon ma na ƙara, safe da yamma. Haka Inna ta koya mana a tsakar gida.

"A tsakar gida rana tana busar da shi," in ji ta. "A ɗaki wa zai busar? In ya fara wari fa?"

"Sai in sa turaren wuta, in rufe ƙofa ya kama."

Yaya ta ce, "Innalillahi." Maman Bulus ta nuna mini wasu baƙaƙen ɗigo a bayan yankin, ta kankare ɗaya da farce. Funfuna ce. Ta ce wannan na ƙarƙashin gado ne, inda ruwan bai cika kai wa ba, in je in ɗaga na tsakiyar ɗaki in gani. Ta ce babu injin da zai ciro wannan, ko na Abujan.

Na dubi Ummi tana barci, bakinta a buɗe. Wata bakwai ina tashi da asuba ina yi mata wannan da hannuna, ina cewa kula nake yi. Na yi kuka har Maman Bulus ta riƙe ni tana cewa, "Ba ki sani ba ne, 'yata. Yanzu kin sani."

Lahadi: komawa gida

Ƙarfe bakwai muka bar Muchia. Ban koma layin kayan wuta ba. A bakin kasuwa na sayi bokiti da tsumman goge ƙasa mai sanda. Bas ɗin dawowa ɗari biyar ya karɓa, wai Lahadi ce. Takwas da kwata muna Samaru.

Na kai Ummi gidan maƙwabta, karo na farko da na bar ta a wani wuri tun da ta fara ciwo. Baban Ummi ya fito da gado da kujeru tsakar gida. Muka kama kafet daga bakin ƙofa muka ɗaga. Bayansa baƙi ƙirin, ya manne da siminti, wani wuri sai da muka sa wuƙa. Warin ya sa shi kansa ya fita yana tari. Ya dawo ya tsaya yana kallona.

"Rabi, in kina so a wanke a shanya, a ajiye miki a wani wuri."

Na ce a'a, a fitar. Muka naɗe shi, ya yi nauyi kamar gawa, mu biyu muka kai shi bola. Na wanke simintin sau uku, na buɗe tagogi, na kwashe kaskon turare na ba da shi. Kuɗin keken ɗinki na mayar masa.

Ina godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Na gode wa Yaya Habiba da Maman Bulus, da kwandastan da ya jiƙe saboda 'yata, har da mai shagon, don bai ɓoye abin da ke cikin injinsa ba. Mai son saye a cikinku ta tafi da farin hankici, ta sa a buɗe mata cikinsa, kuma ta bar yaranta a gida. Mai yayyafa wa kafet ruwa, don girman Allah ta je ta ɗaga gefensa yau.

Kwana huɗu ke nan muna kwana a kan tabarma bisa siminti. Ɗakin ya yi fayau, in na yi magana har amsawa yake yi, kuma ban sami abin da zan ce wa Gwaggo, ƙanwar Inna, ba ranar da za ta zo ta ga babu kayan 'yar uwarta. Ummi ba ta warke ba, Litinin za mu koma asibiti. Amma yau da asuba sau biyu kawai ta yi tari, ta juya ta ci gaba da barcinta. Ku sa ta a addu'a.