Malam Mai Tausayin Keke

A gidanmu ba a hawa keke. Haka na taso na tarar, kuma dalilin kullum yana bakin kakata, mahaifiyar babana. Ta ce lokacin da keke ya fara shigowa Kontagora, wani masinja ya jingine nasa a bakin marina ya zagaya yin alwala. Kakanmu marini ne, yana saurayi a lokacin, sai ya ce bari ya ɗana. Yana ɗarewa keken ya gangara da shi ya juye shi cikin ramin rini. Aka tsamo shi shuɗi tun daga kai har ƙafa. Kakata ta rantse har aka yi babbar salla kunnuwansa ba su koma daidai ba. Bayan shekaru ƙanen babana ya gwada, ya baro haƙoransa na gaba a jikin tsamiya. Daga nan magana ta zauna: jininmu ba ya zama a kan abu mai ƙafa biyu.

Na taɓa ce mata, "Kaka, ai ke ma ƙafa biyu gare ki, kuma kin goye ni."

Ta ce, "Shi ya sa ka suɓuce mini a bakin rijiya, maigidana. Je ka tambayi uwarka."

Na tambaya, aka ce haka ne. Ban sake musu ba.

Na gama makarantar horon malamai bayan an gama yaƙin basasa, muna Jihar Arewa maso Yamma a lokacin, aka tura ni koyarwa wata 'yar makaranta a ƙauye a kan hanyar Beri. Ba nisa can ba ne, mutum zai iya kwana gida ya je ya dawo. Kawuna, yayan mahaifiyata, fataucin hatsi yake yi tsakanin Salka da Kontagora, kuma bai ɗauki labarin gidanmu a bakin komai ba. Don murnar na samu aiki ya aiko mini da keke baƙi sabo fil, da ƙararrawa da fitila da kariya a baya.

Kakata ta ce a mayar. Babana ya ce ba a mayar wa suruki kyauta. Aka yi ta shawara har aka tsaya a tsakiya: zan riƙe keken, amma ba zan hau ba.

Haka na fara turawa. Da safe in ɗaure littattafan yara da ƙullin abincina a kariya, in kama hannun keke, mu kama hanya ni da shi kafaɗa da kafaɗa. Da farko duk wanda ya tambaya sai in ce taya ce ta yi faci. Mai gyaran keke na bakin kasuwa ya tare ni ya matsa tayoyin biyu da babban yatsa, ya ce, "Malam, wannan tayar ko ƙasa ba ta sani ba." Sai na koma cewa likita ne ya ce in riƙa tafiyar ƙasa. Da aka gaji da tambaya aka ƙyale ni. Shekarar da gwamnati ta canza hannun tuƙi, ni ma na canza, na koma turawa ta ɗaya gefen titin, don ni mai bin doka ne.

Abin da ban sani ba shi ne mutanen ƙauyen sun riga sun haɗa nasu labarin a kaina. Wasu suka ce tsabar ladabi ne, ba na son in wuce dattijo ina sama yana ƙasa. Wasu suka ce gudun duniya ne. Matan da ke dawowa daga rafi suka ce tausayi ne, Malam ba ya son ya wahalar da ƙarfe. Yara suka sa mini suna Malam mai tausayin keke. Da labarin ya zo kunnena ban ƙaryata ba, don ya fi nawa daɗin ji. Har ma na fara yarda da shi. Idan rana ta take sai in cire keken daga rana in kai shi inuwa, in yafa masa buhu, ina jin kaina wani bawan Allah.

Akwai wani dattijo Bakambare mai babbar gonar dawa a bakin hanya. Kullum ina wucewa yana duƙe, mu gaisa. Wata rana ya miƙe, ya jingina da fartanyarsa, ya daɗe yana kallon mu ni da keken. Da Hausarsa mai nauyi ya ce, "Malam, ka yi aure?"

Na ce, "Tukuna, Baba."

Ya ce, "Mutum wanda bai iya zauna kan ƙarfe don tausayi, ba zai bugi mace ba. Akwai yarinya gidana. Ka zo ka gani, ita ma ta gani."

Na je na gani. Doguwa ce, mai yawan dariya, ta yi firamare a wajen gwaggonta a Tungan Magajiya. Ranar farko ta kawo mini ruwa, ta dubi keken da na jingine, ta dube ni, ta juya da sauri kafaɗunta suna rawa. Na ɗauka kunya ce. Muka daidaita, manya suka shiga, bayan kaka aka ɗaura aure, ta tare a gidanmu a Kontagora.

Ba a daɗe ba wata ranar Asabar ina goge keken da tsumma a tsakar gida, ta zo ta tsaya a kaina.

"Malam, in tambaye ka, ba za ka ji haushi ba?"

"Tambayi."

"Ba ka iya ba ne, ko?"

Na ce wane irin zance ne wannan, na fara kawo maganar likita. Ta ce tun ranar da ta fara ganina ta gane, don wanda ya iya keke ko turawa yake yi ba ya riƙe shi kamar ya kamo akuyar maƙwabta. Da na ga ba mafita sai na rage murya na ba ta labarin gidanmu kaf, da ramin rini da tsamiya da jini. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta zauna a kan turmi ta yi dariya har da hawaye.

Da ta lafa ta ce, "Kakanka sau nawa ya hau?"

"Sau ɗaya."

"Baffanka fa?"

"Sau ɗaya."

"To ai kowa a hawan farko faɗuwa yake. Ni a keken yayana na koya, hawan farko cikin garken aladun maƙwabtanmu na faɗa. Da na dawo gida na ce jinina ne, da yayana ya ƙara mini da rankwashi."

Wannan magana ta hana ni sukuni. Tsawon rayuwata ban taɓa tunanin akwai hawa na biyu ba.

Muka shirya za mu je gaida iyayenta. A hanya, bayan mun bar gari, ta ja ni wani fili da aka riga aka girbe gyaɗa, ba kowa sai zabi. Ta gyara ɗaurin zaninta, ta karɓi keken, ta hau ta zagaya filin tana kaɗa ƙararrawa. Na tsaya baki buɗe. Kekena ne, amma ban taɓa ganin ƙafafunsa suna gudu haka ba. Ta sauko ta ce in hau, za ta riƙe kariya.

Na karanta duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa. Na ɗora ƙafa a feda, na zauna a sirdi. Ta tura. Ina cewa, "Kina riƙe?" tana cewa, "Ina riƙe, Malam, dubi gabanka." Na sake tambaya, sai na ji amsar ta fito daga nesa. Na waiga, na hango ta can tsaye ta riƙe ƙugu. Nan take keken ya fara tangaɗi, ya nufi zabin nan, suka tashi da kururuwa. Tana ihu, "Birki! Kama birki!" Ni kuwa ƙararrawa na kama na yi ta kaɗawa, har muka shige cikin tarin harawar gyaɗa ni da keken.

Na kwanta shiru ina jiran in ji inda na karye. Na taɓa haƙorana, suna nan. Ta iso tana haki, ta cire mini harawa daga hula, ta ce, "To, ka gama irin na gidanku. Tashi ka yi irin na sauran mutane."

Na sake hawa na sake faɗuwa, wandona ya yage a gwiwa. Kafin la'asar ina zagaya filin ni kaɗai, ina waƙar da nake koya wa 'yan aji ɗaya.

Surukina bai ji daɗi ba ko kaɗan. Ranar da ya ga na taho a guje ya fito bakin hanya ya ɗaga hannu. Ya ce, "Malam, aure ya ɓata ka." 'Yarsa ta yi masa bayani, bai karɓa ba. Shi a wurinsa ni mutumin kirki ne da ya lalace. Don a zauna lafiya, duk lokacin da na zo daidai gonarsa sai in sauka in tura har in wuce. Gonar kuwa doguwa ce, kuma kowace damina ƙara ta yake yi.

A gida na zaci za a yi rikici. Na shigo unguwa a kan keke, yara suna bina, kakata tana zaune a ƙofar zaure tana tsince wake. Ta ɗago ta kalle ni tun daga hula har feda, ta mayar da kanta kan faifai.

Ta ce, "Dama na sha faɗa, wannan yaron jinin uwarsa ne. Dubi ƙeyarsa."

Shi ke nan, labarinta bai ko girgiza ba, ni ne dai aka cire daga cikinsa. 'Yan'uwana suka ci gaba da tafiyar ƙasa. Wani ɗan baffana har ya zama direban babbar mota, yana kai doya Sakkwato, amma in ya ga keke a jingine sai ya kauce masa.

Da aka kwana biyu sai abin ya zo kan babana. Wata Juma'a ƙafarsa ta kumbura, ga shi yana son zuwa masallaci. Ya kira ni zaure, ya dubi hagu da dama, ya ce, "Wanda aka ɗauka a baya, shi ma ya hau ne?"

Na ce, "A'a, Baba, shi kaya ne."

Ya auna maganar, sannan ya tattare babbar rigarsa ya zauna a kariya, ya rungume ni tamau har numfashina yana ɗaukewa. Ya rufe ido yana salati da ƙarfi, mutane suna gaishe shi yana amsawa ba tare da ya buɗe ba. Da muka isa na tsaya, ya sauko, ya gyara hularsa, ya ce bayan an idar in jira shi a nan, kuma a komawa in bi ta kasuwa, akwai abokinsa mai sayar da goro da yake so ya gan shi.