Tuwon da Yake Jiran Magaribar Dakar

A azumin shekarar da aka gama yaƙin Jamus na farko, ina 'yar yarinya a Matamaye, wani tsohon soja mai suna Isufu ya yi sallama a gidanmu gab da magariba. Ina durƙushe ina tace tsamiyar kunu, Inna tana tuƙa tuwon gero. Daga Dakar ya dawo, can inda Faransawa suka kai Babanmu da sauran mazan da aka kwasa ba da sonsu ba.

Ya ce Baba yana da rai, yana sauke kaya a bakin teku, kuma ba a barinsu fita daga bariki. Ya ce ruwan can gishiri ne, ba shi da ƙarshe, ƙasar kuwa ta ƙare a nan, ba gaba sai ruwa. Da ladan ya kira salla, Isufu ya ɗaga ƙoƙon kunu ya ce, "Su can yanzu rana na sama. Sai mun yi isha'i sannan su sha ruwa."

Inna ta saki muciya. Washegari ta je wurin mai gari ta ce za ta bi mijinta. Ya ce mata, "Rabi, tafiyar watanni ce, kuma in ba takardar kumandan Faransawa, ko Damagaram ba ki wucewa." Ta dawo gida.

Daga ranar, in an kira magariba sai mu kurɓi ruwa mu yi salla, amma tuwo yana rufe da faifai har a idar da isha'i. Malamin unguwarmu ya aiko cewa addini bai ɗora mata wannan ba. Ta ce ruwa dai ta sha, tuwo kuwa nata ne. Ni da ƙanena Sani muna zaune bakin murhu, da yunwa, muna jiyo sa'o'inmu suna gaɗa a dandali, ba damar fita. Ban taɓa ganin Dakar ba, amma na tsani ranarta mai nawa. Azumi ya wuce, Inna ba ta daina ba. Muka yi shuka, muka yi girbi, muka sake, tuwonmu kullum a sanyaye.

Da Baba ya dawo, a rame, yana tari, ya zauna ƙarƙashin gawon ƙofar gida yana ba maƙwabta labari. Ya ce, "Abu guda ya riƙe ni. An ce mini gabas ke fara ganin dare. In yunwa ta dame ni da la'asar, sai in ce, yarana dai sun ci sun ƙoshi."

Sani ya buɗe baki, Inna ta dube shi, ya rufe.

Yau jikana yana karatu a Dakar, yakan zo ya koma cikin 'yan kwanaki, yana gyara agogonsa a hanya kamar ba komai ba. Ni kuwa in na tuna Baba a ƙarƙashin gawon nan, sai in gode wa Allah da Inna ta hana mu magana. Har ya koma ga Mahaliccinsa yana zaton mun ƙoshi.