Rumfar Baffa a Fadamar Taloka

Ko a kasuwa na ji warin ɗanyen lawashi, sai Baffa ya faɗo mini a rai.

Ƙanen mahaifina ne. Zamanin Turawa aka ɗebe shi daga Wurno zuwa aikin tilas na haƙar kuza, da ya dawo kuma ya ƙi shiga ɗaki. In an tura shi cikin soro mai rufin ƙasa, sai ya yi ta ihu yana kare kansa da hannuwa. Ina ƙarami lokacin, don haka kada ka ɗauki duk maganata tabbas. Ihun dai ban manta ba.

Mahaifina ya sa maƙeri ya ƙera mari. Ya ce in bai natsu ba, a kai shi Sakkwato a kulle.

Kakata ta tare ƙofa. "Mi yac ce maka shina tsoro?"

"Inna, ana tambayar mahaukaci?"

"Ni na tambaye shi. Rami ya rufta da abokan aikinai shina kallo. Kai ko kana aza mai ƙasa bisa kai."

Da rani ta kai shi fadamar ƙanenta a Taloka, aka kafa masa rumfar kara, ba bango. Nan yake wuni, ga iska, ga kukan jigon ɗiban ruwa, ga ruwa yana bin fangalin albasa. Duk mai wucewa sai ya gaishe shi, ko da yake ba ya amsawa. Wani tsohon manomi kullum yana tsokanarsa: "Sarkin rumfa, albasa na jin ƙishirwa kana kallo?" Rannan Baffa ya miƙe ya ce, "Ba ni gugan."

Ban sani ba ko warkewa ya kamata in kira shi. Na yi karatu, na ji bayanin likitoci, ban raina magani ba, kuma wataƙila sa'a ce kawai. Ya yi aure, ya yi noma, amma ko da damina bai sake kwana ƙarƙashin soro ba.

Yau injin ban ruwa ya kori jigo, masu wucewa kan babur ba sa tsayawa gaisuwa. Ina yawan tunanin inda za mu kai irinsa yanzu.

Na girma kafin ya rasu. Da aka jera itace bisa kabarinsa aka fara tura ƙasa, na san gawa ba ta tsoro. Duk da haka hannuna ya ƙi tura masa ƙasar.