Numfashin Motar Baba

Motar babanmu ta girmi autanmu, kuma a layinmu na Unguwar Dosa babu wanda bai san ta ba. Fara ce a da, amma a shekarun da nake magana ta koma kalar koko. Ranar da ta mace a kan gadar Kawo da tsakar rana, masu adaidaita na ta danna mata hon, ranar babban wanmu ya yanke hukunci. Ya ce a sayar da ita, a samo wa Baba mai adaidaita da zai riƙa kai shi duk inda yake so.

Raina ya ɓaci, don na san abin da makullin motar nan yake nufi a wurinsa. Tun da ya yi ritaya daga ma'aikatar ruwa, motar ce ta rage masa: ita ke kai shi masallacin Juma'a, ita ke kai shi gaisuwar mutuwa da ɗaurin aure, ba tare da ya nemi alfarmar kowa ba. Amma Yaya ba ya magana biyu. Baba bai yi musu ba, ya ce dai a ba shi zuwa ƙarshen wata.

Washegari da na kai masa shayi na tarar ya ɗaga bonet, ya sa tabarau, yana leƙe. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka uwata yake kirana.

"Uwata, zo ki gani," ya ce. "Kin lura bayan an yi ruwa motar nan tana ja kamar sabuwa, da azahar kuma sai ta yi laushi?"

Na ce ban taɓa lura ba.

"To iska mai sanyi take so. Dubi inda take shaƙa, dab da zafin inji. Ga bututun siriri, ga lanƙwasa nan, ga wata nan. Da a wurin aiki wani ya ja mini layin ruwa haka, da mun raba hali."

Haka Baba yake, komai a duniya famfo ne a wurinsa. Ko hawan jininsa da bututu yake yi wa likita bayani.

Bai tafi gareji ba. Kasuwa ya je wurin masu kayan famfo, ya dawo da baƙin bututu mai faɗi da gwiwar bututu ɗaya da maɗaurai. Ya kwance bututun kamfani da wata 'yar tukunyar roba da ke manne da shi, wadda ya ce aikinta kawai kashe ƙara. Ya wanke su tas, ya sa a buhu, ya ajiye a sito, don Baba ba ya yar da abu. Wani maƙwabcinmu mai son gudu ya ba shi shawara ya cire iya kilina gaba ɗaya, wato matatar da ke tare ƙasa kada ta shiga inji. Baba ya dube shi ta saman tabarau ya ce shi bai taɓa ba mutane ruwan da ba a tace ba, ba zai fara da motarsa ba. Sabuwa ma ya saya.

Abin da ya fi burge ni shi ne inda ya ajiye bakin bututun. Maƙwabcin ya ce a sauke shi ƙasa kusa da taya, can iska ta fi sanyi. Baba ya ce wanda ya faɗi haka bai taɓa bin Unguwar Kanawa bayan ruwan Agusta ba. Inji ya kurɓi ruwa sau ɗaya, sai dai a yi masa addu'a. Ya kai bakin bututun bayan fitilar motar, sama sosai, ya naɗe shi saboda zafi. Ya gwada, ya kwance, ya rage tsawo, ya sake ɗaurawa. Ina tsaye ina kallon hannayensa masu rawa in zai ɗauki kofi, amma ba sa rawa a kan sifana. Ban taɓa alfahari da shi kamar ranar ba.

Ran Talata ya ɗauki Yaya zuwa kasuwar Kawo, ya sa aka loda buhunan masara a but, ya nufi gadar da rana tsaka. Ina baya. Motar ba ta koma sabuwa ba, kada in yi ƙarya, amma ta hau ba tare da ta yi tari ba. Sai dai ta sami sabuwar murya: da ya taka totur sai ta yi wani gurnani mai kauri daga ƙirji.

A gida Yaya ya ce ya ga ta hau, amma wannan ƙara ta samarin da ke wasan mota a biki ce, ba ta dattijo ba, kuma maganar sayarwa tana nan. Mama na zaune a kan tabarma. A lokacin idonta ya riga ya dushe, ba ta gane mutum sai ya yi magana.

"Ba za a sayar ba," ta ce. "Tun daga bakin layi nake jin Alhaji yanzu. Kafin ya buɗe get na san shi ne, na san lafiya ya dawo. Ku da kuke da ido sai ku nemi wata."

Yaya ya sunkuyar da kai. Makulli ya zauna a aljihun Baba har ƙarshen ransa.

Bayan rasuwarsa motar ta dawo hannuna. Duk ranar da na shigo layin, sai in tarar Mama ta gyara zama ta juyo da fuska wajen ƙofa, sannan ta tuna Baba ba ya nan. Abin ya riƙa cin raina. Na ɗauko buhun nan daga sito, na kai wa makanike ya mayar da kayan kamfani yadda suke. Na shigo gida shiru, har na yi sallama ba ta san na iso ba.

"Da me kika zo?" ta tambaye ni.

"Da motar, Mama."

Ta ci gaba da murza carbi.

"Wa ya ce ki rufe mata baki? Ai na san ba shi ba ne. Ina dai son in ji."

Da safe na koma garejin. Makaniken ya ce Allah ya sa bai yar da bututun famfon ba, yana nan a ƙarƙashin benci.