Malam Magaji da Ƙwallayen Carafke

Duk wanda ya yi karatun jinya a makarantar da ke jikin babban asibitin koyarwa na Kano a wancan zamani ya san Malam Magaji Audu, kuma da wuya ka sami wanda bai taɓa jin haushinsa ba. Shi ne mai kula da laburaren makarantar. Gajere ne, furfurarsa duk ta taru a gemu, fensir kuwa ba ya rabuwa da bayan kunnensa ko da sallah zai yi. Laifinsa ɗaya ne a wurin ɗalibai: ba ka isa ka ce ya ba ka littafi ya miƙo maka salin-alin ba. Sai ya sauke tabarau zuwa kan hanci ya ce, "To, me ya kawo tambayar?"

A Darmanawa aka haife shi, tun tana ƙauye da gonakin gero har bakin gidaje. Mahaifinsa tela ne a Gyaɗi-Gyaɗi, kuma ya sha cewa ɗan nan nasa ya fi keken ɗinki surutu, don komai ya gani sai ya tambayi sunansa da dalilinsa. Takardar da aka naɗo ƙosai ma sai ya karanta kafin ya ci. Da ya gama makaranta ya sami aikin kakkaɓe kantoci a wani laburare a cikin birni, daga nan aka tura shi kwas Zariya shekara biyu. A can ya gane abin da ya riƙe har tsufansa, wato mutum ba ya cika tambayar abin da yake nema. Wani zai ce a ba shi ƙamus, ashe sammaci ne a aljihunsa ya kasa karantawa.

A bayan teburinsa akwai kanta guda da yake ji da ita kamar ƙwai. Nan ƙamusoshi suke, da kundayen magunguna, da taswirori, da wasu tsofaffin littattafai da aka ba makarantar kyauta. Yana kiransu duba-ka-ajiye. Ko shugabar makaranta ba ta taɓa fita da ɗaya daga cikinsu ba.

A shekarar da sojoji suka koma bariki, mulki ya dawo hannun farar hula, hotunan 'yan takara ba su gama ɓarewa daga katangun Tarauni ba sai ga wani sabon zance. An buɗe shago a titin Gidan Zu mai kwamfutoci, an ce komai ka tambaya sai ta faɗa maka. Ɗalibai suka sami abin tsokana. "Baba Magaji, an kusa yi maka ritaya. Ita kwamfuta ba ta tambayar mutum me ya kawo tambayar." Malam Magaji bai yi musu gardama ba, ya hau acaɓa ya je ya gano wa idonsa. Ya yi rabin awa yana kallon shafi ɗaya yana buɗewa a hankali, ya dawo abin ya burge shi kuma ya ɗan ba shi haushi. Ya ce musu lallai ta san abubuwa, amma sai ka fara sanin sunan abin da kake nema.

Wata Laraba da hantsi, cikin damina, Sista Morenike Adewale ta ɗakin yara ta faɗo laburaren tana haki. Bayarabiya ce haihuwar Kano, tsohuwar ɗalibar makarantar, Hausa a bakinta kamar ta 'yar kasuwar Kurmi.

"Baba Magaji, ba ni babban littafin nan na ciwon zuciyar yara. Yanzu-yanzu."

"To, me ya kawo tambayar?"

"Haba Baba! Don Allah yau ba ranar wannan ba ce. Yarinya ce za ta mutu mana a hannu."

Ya sauko da littafin ya ajiye mata, don taurin kansa bai kai rashin imani ba. Amma tana buɗe shafuka yana jefo tambayoyi, tana amsawa ba tare da ta ɗago ba. Sunan yarinyar Mufida, shekararta biyar, da sassafe aka kawo ta daga Gyaɗi-Gyaɗi. Amai take yi, bugun zuciyarta kuma sai ƙara yin ƙasa yake. Babu zazzaɓi. Likita Mukhtar yana zargin wani abu ta ci, amma uwarta Larai, mai sayar da waina, ta rantse babu ƙwayar magani a ɗakinta, ba ta kuma ba ta jiƙo ba.

"Me ta zo da shi a jikinta?"

"Me kuwa? Riga da ɗankwali." Sista ta yi tsaki, sannan ta laluba aljihu. "Sai duwatsun carafkenta da na kwance daga bakin ɗankwalin."

Ta zube su a kan tebur. Malam Magaji ya san carafke, wasan nan da 'yan mata ke cilla dutse sama su kwashe na ƙasa kafin su cafe shi, amma ƙarar da waɗannan suka yi a kan katako ba ta dutse ba ce. Ya ɗauki ɗaya, ya ji ba nauyi. Launin ƙasa ne, da kusurwa uku da ɗan tsagi a tsakiya. Ya girgiza shi kusa da kunne, wani abu ya motsa a ciki. Uku ne cikakku, na huɗun rabin ɓawo ne, cikinsa fayau.

"Sista, wannan ƙwallon itace ne. Ina abin da ke cikin wannan rabin?"

Ta daina buɗe littafi.

Matsalar ita ce, daga shi har ita babu wanda ya san sunan itacen. Ya juya ga kantarsa ya jawo wani tsohon kundin tsirrai mai juzu'i uku, wanda gara ta ɗanɗani gefensa. A bayansa akwai jerin sunayen itatuwa da Hausa, amma jeri ba ya amfanar wanda ba shi da suna. Sai ya koma ga zane-zanen 'ya'yan itatuwa, ya ajiye ƙwallon a gefen shafi, yana lasar yatsa yana buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Sista tana kai-komo tana duba agogo, shi kuwa gumi har gemu. A juzu'i na biyu, wajen tsakiya, ya tsaya. Ga ƙwallon nan an zana shi sak, ga siraran ganye dogaye, ga fure mai siffar mazurari, an rubuta cewa ruwan ɗorawa ne.

Ya zaro fensir ya kwafe sunan Latin a kan kati, harafi bayan harafi, sannan ya sauko da kundin guba ya bi fihirisarsa da yatsa. Sunan yana nan. Ya karanta layi uku na farko. Sista ta leƙo ta kafaɗarsa ta ce, "Jesu!" Littafin ya ce dafin itacen kan zuciya yake faɗawa, kuma aikinsa irin na wani maganin zuciya ne da likitoci suka sani sarai, sun kuma san abin da ake yi idan ya yi wa jiki yawa.

Ta kai hannu za ta suri littattafan. Ya dafe su.

"Ba sa fita, Sista."

"Baba!"

"Ba sa fita su kaɗai."

Ya rungume su a ƙirji, ya kori ɗalibai biyu da ke karatu, ya danna wa laburare kwaɗo da rana tsaka. Masu gadi sun daɗe suna ba da labarin yadda suka ga Malam Magaji yana gudu a barandar asibiti, hula a karkace, takalmi ɗaya yana neman tsere masa.

Likita Mukhtar, matashi ne mai ƙarancin magana, a tsaye ya karanta shafin. Ya ɗago ya fara ba da umarni, ɗakin ya hargitse da masu kawo allura da masu sauya ƙarin ruwa, aka turo Malam Magaji waje. A kan benci ya tarar da Larai, idanunta sun kumbura. Ya buɗe mata zanen ya ce, "Baiwar Allah, kin san wannan?"

Kallo ɗaya ta yi ta ɗora hannu a ka. "Innalillahi! Malam, a ƙofar gidana yake. Ni na dasa shi da hannuna." Ta ce a wani gida a Tarauni ta gan shi inda take kai waina, furen ya ba ta sha'awa, aka ce mata awaki ma ba sa cinsa, ta roƙi ɗan dashe. Shekara huɗu tana ba shi ruwan wanke-wanke.

Malam Magaji ya rufe littafin. Ya zauna a ɗaya ƙarshen bencin da littattafai a cinya, tsoro ya kama shi sosai. Shekara ashirin da bakwai yana ba mutane amsa suna fita da ita, bai taɓa bin wata ya ga inda ta sauka ba. Idan zanen da ya zaɓa ba shi ba ne fa? Ya sake buɗewa ya gwada ƙwallon da hoton, ya rufe, ya sake buɗewa, har aka kira azahar.

Sai bayan la'asar Sista Morenike ta fito ta ce bugun ya daina sauka. Kwana biyu ana fama, ran Juma'a ya fara hawa. Ran Asabar Malam Magaji ya shiga ɗakin da 'yar ledar lemo, ya tarar da Mufida a zaune tana shan koko, ta rame sai idanu. Hali ba ya barin mai shi ko a gaban mara lafiya, don haka ya durƙusa ya tambaye ta yadda aka yi ta buɗe ƙwallon.

"Da dutse, irin yadda ake yi wa na aduwa."

"Da daɗi?"

Ta ɓata fuska. "Ɗaci. Na tofar da rabi."

Sista ta kalli Malam Magaji. Larai ta ce ai tun ran Alhamis mijinta ya sa gatari ya tumɓuke itacen har saiwa, ta kuma bi gida-gida a layinsu ta zazzage aljihun kowace yarinya, ta tara ƙwallayen cikin kwano ta ƙona. Sannan ta gyara mayafi ta matso.

"Malam, shi wanda ya zana itacen nan a littafi, a ina yake? Ko a Legas ne, ina so a kai masa godiyata."

Malam Magaji bai saba amsawa da ka ba. Ya ce ta jira, ya koma laburare ya duba shafin farko na kundin, ya ƙara da wani littafin tarihin masana, sannan ya dawo. Ya ce mata Bature ne, ya yi yawo a ƙasar nan yana tsintar ganyaye yana tambayar manoma sunayensu, kuma ya mutu tun ba a haife ta ba.

Larai ta kalli 'yarta. Can ta ce, "Ya bar baya?"

"Littafin ya ce yana da 'ya'ya biyu."

Ta ɗaga tafukanta sama a tsakiyar ɗakin yara. "To, Allah Ya raya masa jikokinsa. Allah Ya sa kada uwarsu ta taɓa zama a kan bencin da na zauna."

Malam Magaji da Sista Morenike suka ce amin tare.