Anzar Inna a Gaban Aji

Ina aji uku a kwaleji, a Damagaram, aka ba mu wani littafin Faransanci mu karanta. Wani mutum ne ya rubuta yarintarsa: wandonsa ɗaya, takalminsa yagagge, kullum yana ɓoye ƙafa ƙarƙashin benci. Mushenmu, wato malaminmu, ɗan gayu mai ƙamshin turare, wanda na rantse bai taɓa kwana da yunwa ba, yana karantawa yana lumshe ido kamar mai kurɓar shayi. Talaucin wani ya zame masa kayan marmari!

Da muka gama, ya ce kowa ya rubuto nasa, kuma ban da ƙarya. 'Yan birni suka rubuta ranar da kekensu ya lalace. Ni kuwa, baƙauya daga wani ƙauye bayan Tirmini, ina zaune gidan goggona, na ɗauki maganar malami kamar aya. Na rubuta anza.

Wanda bai san anza ba ya gode wa Allah. 'Ya'yan wani icen daji ne masu ɗan karen ɗaci, sai an jiƙa kwana da kwanaki ana sake ruwa kafin su ciwu. Shekarar da gero ya ƙi, Baba ya tafi cin rani, da ita Inna ta riƙe mu har damina ta faɗi. Amma ko maƙwabciyarmu ta jikin danga ba ta sani ba. Cikin ɗaka take jiƙawa, ta rufe tukunya da faifai, ruwan ɗacin ta haƙa rami ta zuba. Da hantsi ta cika turmi da ƙaiƙayi ta yi ta lugude, don a ji gidanmu ma ana daka. Duk na rubuta, har turmin.

Ranar Litinin mushe ya shigo da takardata a hannu. Bai tambaye ni ba, ko kallona bai yi ba. Ya faɗi sunana, ya faɗi sunan ƙauyenmu, ya karanta tun daga farko har ƙarshe, ya ce a tafa mini. Aka tafa. Ya zaga da ita sauran azuzuwa, a ɗaya daga ciki akwai wata 'yar garinmu. Ba mugunta ta yi ba, alfahari ne ya sa ta ba uwarta labari.

Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Mai littafin nan asirin kansa ya tona, kuma sai da ya girma ya zaɓi abin da zai faɗa. Ni fa? Shekarata goma sha huɗu. Wata guda mushe yana koya mana yadda ake rubuta talauci, bai taɓa ce mana asirin gida ba na mutum ɗaya ba ne. Ko da yake ina zai sani? A takarda kawai ya san yunwa.

Da na je hutu na tarar magana ta riga ni isa. Tsofaffi sun zo wa Inna jaje, wata har da ƙwaryar gero: "Haba, kina cikin wannan hali ki yi shiru?" Amare kuwa, in Inna ta ɗaga taɓarya sai a leƙo ta danga: "Yau gero ne, ko na jiya?" Matar da a da ake zuwa neman shawararta, ta daina fita rijiya sai rana ta take, lokacin da ba kowa.

Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Kwana biyu tana ba ni tuwo ta koma aikinta. A na uku, tana tsince wake, ba ta ɗago kai ba ta ce, "Ke, an ce a lakwal ana ba da maki. Nawa malamin ya ba ki?"

Na ce, "Sha bakwai bisa ashirin, Inna."

Ta ce, "To, madalla. Ashe ban ma kai ashirin ɗin ba."