Ba Abinci Ya Ƙi Ba, Cokali Ya Ƙi

Shekara talatin da ɗaya ke nan, kullum kafin asibiti ya cika Gwaggon Kicin ta kunna tanderu, ta kara bayan hannunta a bakinsa. Ma'aunin zafinsa ya mutu tuntuni, hannunta ne ma'auni. Duk kaka, da sabon dankali mai zaƙi ya shigo, sai ta gasa kek ɗinsa ta raba wa majinyata. Makon gobe za ta yi ritaya, kuma wallahi ba za mu bar ta ta sulale shiru ba.

A kakar bara aka kwantar da wani tsohon direban babbar mota, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Kwana biyar bai ci komai ba. 'Yarsa ta miƙo cokali, ya kau da kai. Nas ta miƙo, ya datse haƙora. Likita ya ce ƙarfe biyu na rana za a zura masa robar abinci ta hanci.

Gwaggo ce mai kwashe kwanuka, ita ta lura abinci na dawowa a cike, amma kofin ruwan da yake iya ɗauka da hagu kullum wayam.

"Likita, mutumin nan ba abinci ya ƙi ba, cokali ya ƙi. Wanda ya shekara arba'in yana murza sitiyari, yau a ce masa buɗe baki? A ba ni zuwa biyun."

"Gwaggo, ko minti ɗaya ba zan ƙara ba."

Ƙarfe sha ɗaya ta wuce da ta koma kicin don yi masa kek ɗin da zai iya ɗauka da hannunsa. Dafa dankalin ya fi sauri, amma dafaffe ruwa yake sha, kek ɗinsa ya marmashe a hannu. Sai ta gasa shi da ɓawonsa, agogo na cin lokaci. Ta dama shi da ƙwai da madara da ɗan fulawa, ta mayar wuta. Shugaban kicin na ta safa da marwa, har ya kai hannu zai leƙa tanderun.

Gwaggo ta ce, "Ka buɗe ƙofar nan kek ɗin ya lotse, ni da kai ne!"

Biyu saura ashirin ta fitar. 'Yar direban ta shigo hawaye shaɓe-shaɓe. "Gwaggo, don Allah ki yanka, sun kawo robar!" Gwaggo ta ƙi, domin in an yanka da zafi rugujewa zai yi. Sai da ya huce ta yanka shi sala-sala, daidai riƙon yatsu.

Ta ajiye farantin a hagunsa, babu cokali, babu magana. Ta kori kowa, ta ja labule. Nas na tsaye a bayan labulen da roba a hannu.

Can sai murya ta fito, harshe a karye: "Wa ya yi wannan? Sukari bai ji ba. A ƙaro."

'Yarsa ta durƙushe tana kuka tana dariya. Nas ta naɗe robarta.

Gwaggo, ke ce mai gani a kwanon da aka dawo da shi. Ke ce kika san yunwa ba ta kai zubewar mutunci ciwo ba. Mun gode, Allah ya ba ki hutu mai daɗi. Mu kuma da muka rage, kafin mu ce wane ya ƙi ci, mu duba ta wane hannu muka miƙa masa.